Cigiya a Suwame

Bayan gidan Alhaji Mumuni na same ta,
a gindin mangwaro, tayoyi sun nutse a ƙasa,
kaza na kwanci a mazaunin direba,
tsatsa ta ci ƙofa har kana hango Aboabo ta cikinta.
Fijo ce, ta girme ni da shekara tara.
Na ce, nawa?
Ya ce, miƙo mini kazar tukuna,
sauran, ranar da ta tashi ma yi magana.

Wata goma sha ɗaya ke nan ba mu yi magana ba.

Kowace Asabar, kafin kokon safe ya huce,
ina Suwame da tsohon kafireto a leda,
kamar mai yawo da haƙorin da ya faɗi
yana cigiyar ɗan'uwansa.
Ƙasar nan ta ƙoshi da baƙin mai, ruwa ba ya ratsa ta.
Guduma na amsa wa guduma, walda na tofin wuta,
injuna a jere kamar kawunan shanu a mahauta.

Fuseni ya juya shi, ya busa, ya tuntsire da dariya:
wannan, maigida, sai dai a tashi kakana.
Ya tura ni wurin Atinga,
Atinga ya tura ni hanyar Tafo,
wai akwai irinta a wani kango.
Na isa da gumi. Bara aka narka ta.
Ta zama tukwane goma sha biyu,
ana dafa shinkafa da wake cikinsu a Kejetiya.

Mame Sawa mai fitilu ta durƙusa ƙarƙashin benci,
ta zaro zoben fitila, ta goge da bakin zane.
Ɗaya ne tak. Sidi ɗari huɗu, ba ragi.
Na saya. Ido guda da kwalli, guda babu.

A gida Zuwera ta ɗaga kai ta dubi rufi
inda damina ta bar mana taswira.
Ban taɓa ganin, in ji ta, motar da ba ta motsi
ta fi mai zuwa Tamale cin kuɗi ba.
Ban tanka ba. Mai gaskiya ba a ja da shi da dare.

Tsoho Bwaci ne ya raba gardama,
mai injin gyaran ƙarfe, tabarau ɗaure da zare.
Ya ajiye kafireton gefe kamar mai rufe idon mamaci:
bar bin kaburbura, yaro.
Kawo mai rai, mu koya masa zama.

Sai inji ya zo daga wata Nisan da ta faɗa kwata,
giya daga motar burodi,
lagireto daga janaretan wani asibiti.
Ramin kusa bai hau ramin kusa ba,
ya yanka faranti, ya huda, ya goge, ya sake hudawa,
kwana shida, har baƙo ya zauna daram a ɗakin baƙo.
Badukun Alabar ya ɗinke kujeru da jar fata.
Mariƙin ƙofa, tagullar tsohon famfo ce.

Malam Gariba ya zagaya ta, hannu a baya:
wannan kuma ai ba Fijo ba ce, ba ta da asali.
Na ce, Malam, dubi layinmu.
Kakana goro ya kawo shi, ya auri Badagomba,
mai yi maka aski Bazabarme ne.
Da me aka gina zango in ba da haka ba?

Daren Laraba, da batirin aro,
ta yi tari uku, ta yi shiru,
ta yi na huɗu, hayaƙi ya kori sauron unguwa,
sannan ta kama, ta riƙe, tana rawar jiki kamar mai zazzaɓi.
Alhaji Mumuni ya fito da buta a hannu:
to, yanzu sai mu yi magana.

Saura gilashin jar fitilar baya, na hagu.
Tsawonsa bai kai tafin hannu ba.
Wanda ya gani, ko da tsagagge ne,
a tambayi mai walda na kusa da famfon Aboabo.